Ita Ta Riƙe Masa Tsani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar Fucheng yana neman abin hawa ya san Fu Yamei. In bai san sunanta ba, to ya san muryarta. Ita ce 'yar gajeruwar matar nan mai faffaɗar malafa, wadda ke tuƙa jan babur mai ƙafa uku, tana kutsawa tsakanin motoci tana surfa wa direbobin bas zagi. A nan Haikou mata ne ke wannan sana'a. Mazanmu suna gidan shayi, sun tasa buta ɗaya a gaba tun hantsi suna gardamar lambobin caca, in ka ce musu malalata su ce ai tunani suke yi. A kan wannan babur Yamei ta tsufa. Da shi ta yi jinyar miji, da shi ta binne shi, da shi ta raini ɗanta tilo, Tao.

Mijin, Meng Dehai, shi kam ba ɗan gidan shayi ba ne. A jirgin fito ya yi aiki, mai kai mutane tsallake ya dawo da su tsibirinmu, har ciwon hanta ya kwantar da shi. Ya bar mata tsohon gida na baƙin dutse a wata unguwa da a da ƙauye ce, kafin birni ya miƙo ƙafa ya haɗiye ta. Gidan ba wani abin a zo a gani ba ne, rufin ma yana yoyo ta gabas. Abu ɗaya ne a cikinsa da Yamei take ji da shi.

A babban ɗaki, can sama dab da rufi, akwai 'yar baranda ta katako, a kanta allon kakanni yake tsaye a bayan jan ƙyalle. Sunayen mazan gidan Meng ne a jere, an sassaƙa an cika da ruwan zinari, kowanne da sunan matarsa a gefe. Mace ba ta hawa barandar nan. Ba wanda ya rubuta dokar, haka muka tarar, haka muke yi. Farkon wata da tsakiyarsa Tao ke hawa tsanin gora ya soka turare, ita tana ƙasa riƙe da tsanin. In ya sauko ta zuba shayi a kofuna a kan tebur, ta ɗaga kai ta ba Dehai labarin tsadar mai da rashin jin ɗansa.

Sau ɗaya ta taɓa ganin allon da kyau, ranar da aka sauko da shi za a sassaƙa sunan Dehai. Da idonta ta ga mai sassaƙar ya bar fili a gefen sunan, faɗin yatsu biyu, ya ce wurinta ke nan ranar da ta cika. Wannan ɗan fili shi ne dukiyarta. Takan ce wa ƙawarta Guihua, mai sayar da kwakwa a bakin kasuwa, "Da raina dai an hana ni hawa. To ranar da na mutu da kaina zan hau, in zauna kusa da shi, in ga mai sauko da ni."

Allon na icen huali ne, wanda kakan Dehai ya sara a bayan gida tun ana yin ƙotar fartanya da shi. Ƙwaro ba ya cinsa. A watannin raɓa kuwa, lokacin da bango ke gumi wanki ya ƙi bushewa, sai wani ƙamshi mai sanyi ya sauko daga barandar ya cika ɗakin. Yamei takan ce Dehai ne yake amsa mata.

Ana nan, wata shekara da sanyi ya kama a tsallake, tsofaffin arewa suka fara sauka kamar yadda suka saba. Tsuntsayen sanyi muke ce musu, su zo su sha ɗumi su koma. Wata safiya Yamei ta hango ɗaya a gaban mai sayar da mangwaro, wani dogo mai furfura da tabarau, rungume da ƙatuwar rigar sanyi, yana tari yana share gumi. Tana ganin yadda mai mangwaron ya danna sikeli da babban yatsa sai ta daka tsawa daga kan babur.

"Kai Ƙafar Agwagwa! Ɗage yatsan nan ko in zo in auna shi ma a saka a leda! Ku ne masu ɓata mana suna."

Baƙon ya yi ta godiya. Ya ce sunansa Geng, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, likita ya ce huhunsa na son iska mai ɗumi. Bai san kowa a Haikou ba. Ya tambaye ta ko za ta yarda ta zaga da shi ya ga gari.

"Gari za ka gani ko abin da ake nuna wa baƙi?"

"Akwai bambanci ne, Yaya?"

Wannan "Yaya" ɗin ita ta fara sace mata zuciya. Fasinja dai "ke mai babur" suke ce mata. Ta ce masa ya hau, ya riƙe ƙarfe da kyau.

To fa, sai Yamei ta ɗauki Malam Geng kamar ƙanin da ta rasa. In 'yan sandan hanya sun tare manyan tituna sai ta bi da shi ta lunguna. Ta kai shi wurin matar da ke dafa taliya a bayan kasuwa, ta ƙwace cokalin daga hannunsa ta nuna masa yadda ake cakuɗawa da gyaɗa da romo kafin a kai baki. Ta kai shi tsohon titi mai rumfuna, ta nuna masa shagon da aka yi mata ɗinkin aure. Ta kai shi kasuwar busasshen kifi ta koya masa ya karya wutsiya ya shinshina kafin ya taya. Ta tsaya da shi a bakin ruwa wajen hasumiyar agogo, ta nuna masa inda take jiran Dehai da kwanon abinci in jirginsu ya makara. Ranar da ya ga teku ta yamma da bishiyoyin kwakwa a jere har ƙwalla ya yi, ya ce matarsa ta mutu ba ta taɓa ganin teku ba. Yamei ta juya kai ta yi kamar malafarta take gyarawa.

Kullum wa'azinta ɗaya ne. "Malam, kada ka bari mutanen garin nan su cuce ka. Bakinsu zuma, hannunsu ƙugiya. Duk abin da za ka saya, kira ni."

Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Ina da Yaya, wa zai cuce ni?"

Yana da wata ɗabi'a da ke ba ta dariya. Duk inda suka shiga, idonsa na kan tsofaffin kaya. Ya shafa ƙofa, ya ƙwanƙwasa kujera, ya ɗaga taɓarya ya kai hanci. Ya ce ubansa kafinta ne, ƙamshin katako na tuna masa da gida. Wata rana a gaban Guihua ya ɗauki guntun katakon da take fasa kwakwa a kai, ya goga babban yatsa a gefe ya shinshina, ya ajiye. Da ya tafi fitsari Guihua ta taɓe baki.

"Ke Yamei, wannan malamin naki wace makaranta ya koyar, ta karnuka? In kin ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi."

"Haba Guihua! Mutum da huhu rabi? Ke dai kin ga ba ki samu mai ce miki Yaya ba."

"Ato. Ni dai na faɗa."

Tao ma ya saba da shi. Tao ba mugun yaro ba ne, kada a yi masa sharri. Saurayi ne da ya haura talatin, yana gadi a wani otal, yana da budurwa da iyayenta ke yi masa kallon ɗan mai babur. Malam Geng ya riƙa jan shi gidan shayi, su zauna suna ƙus-ƙus. Yamei ta ji daɗi ƙwarai, ta ce ga shi ɗanta ya samu babba mai ilimi da zai sa shi a hanya.

Bayan sabuwar shekara sai Ranar Kaka ta zo, ranar da unguwa ke karrama gunkin da ke tsaronta, wanda muke kira Kaka. Kowace unguwa da tata ranar, kuma ka'idarta ɗaya ce tak: ƙofa a buɗe, ba a tambayar baƙo sunansa. Abokinka ya kawo abokinsa, shi ma ya jawo maƙwabcinsa, wanda ya zo wucewa ya ji ƙamshi ya shigo, duk a zaunar da su a cika musu kwano. Gidan da ya fi tara baƙi shi ya fi daraja. Ka tambayi mutum "ɗan gidan wa?" a wannan rana, ai ka zubar da mutuncin gidanku har jikoki.

Yamei ta daɗe tana jin kunyar ranar, don tun rasuwar Dehai teburanta suka ragu. Bana kuwa ta yi ta maza. Ta dafa kaji har fatarsu na sheƙi, ta haɗa mahaɗin lemon tsami da citta da tafarnuwa, ta sa an yanka baƙar akuya. Malam Geng ya zo da lemo cike da kwando, ga wasu mutum biyu a bayansa da ya ce 'yan garinsu ne. Ba ta tambayi sunansu ba, ina za ta fara? Ta zaunar da shi a babban ɗaki, a kujerar Dehai, ta ɗora masa cinyar kaza a kan shinkafa.

Yana cikin ci sai ya tsaya. Ranar an tashi da raɓa, bango na gumi. Ya ɗaga hanci, ya ɗaga kai.

"Yaya, mene ne wannan ƙamshin?"

"Mijina ne," in ji ta, tana alfahari. Ta kwashe labarin duka ta ba shi: kakan da ya sari icen, sunayen, har da ɗan filinta mai faɗin yatsu biyu, abin da ko Tao ba ta cika yi wa zancensa ba.

Malam Geng ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce a garinsu an ƙone irin waɗannan alluna tun yana yaro, bai san ma sunan kakan ubansa ba. Ya ce tunda ya ci abincin gidan, ya zauna a kujerar maigidan, zai so ya hau ya gaishe shi ya soka masa turare, in ba laifi.

Wani tsoho a teburin ya yi gyaran murya, don baƙo ba ya hawa barandar wani. Yamei ta harare shi.

"Wannan ba baƙo ba ne, ƙanena ne. Tao, kawo tsani."

Tao na can yana raba romo, don haka ita ta jingina tsanin, ita ta riƙe. Tana ƙasa, hannu bibbiyu a kan gorar, tana cewa "a hankali, Malam, matakin sama yana rawa." Ya daɗe a sama. Ta ji ya ɗage jan ƙyallen, ta ga hasken wayarsa ya walƙa, ta ce a ranta bawan nan har hoto yake ɗauka don tunawa. Ɗaya daga cikin abokan nasa ya zo ya tsaya a bayanta yana kallon sama, bakinsa cike da nama. Malam Geng ya sauko ya dube ta.

"Na ga filinki, Yaya," ya ce. "Yana nan yana jiranki."

Kai, ranar Yamei ba ta taka ƙasa ba don murna.

Da zafi ya fara, tsuntsayen sanyi suka kama hanya. Ana gobe zai tafi, Malam Geng ya ce yana so ya yi wa teku kallon ƙarshe, amma ƙirjinsa ya tashi, ko za ta je can wani kanti a wancan ƙarshen gari ta karɓo masa magani, shi ya jira ta a gidanta tare da Tao. Ta tafi da gudu, ta sha rana, ta dawo ta tarar ya ji sauƙi. Washegari ta kai shi tashar jirgi da kanta, ta cusa masa busasshen kifi da barkono a jaka. Ya riƙe hannunta ya ce baɗi war haka yana nan.

Ba a jima ba Tao ya shigo unguwa da farar mota sabuwa dal. Ya ce shi da wani abokinsa suka haɗa hannu, zai riƙa ɗaukar fasinja. Yamei ta zagaya motar tana tafa hannu. Ta cire takalmi kafin ta shiga, ta sa ya bi da ita ta bakin kasuwa, ta sauke gilashi ta ƙwala wa Guihua kira don ta gani. Iyayen budurwar ma suka sauko, aka sa rana.

Da lokacin girbi ya yi, ana bikin kallon wata, sai ga ɗan ƙunshi daga tsallake. Abin hannu ne na ƙwayoyin katako masu ruwan zuma, an shirya su a zare, kowace da zanen ido a jikinta. Malam Geng ne ya aiko wa yayarsa. Ta kai hanci, ƙamshin ya daki zuciyarta, irin na ɗakinta sak. A jikin ƙwaya ɗaya akwai ɗan ɗigon zinari, ƙanƙani, ta ce ado ne. Ta sa a hannu, ko wanka ba ta cirewa. Guihua ta sha gori har ta gaji.

Sanyi ya dawo, Malam Geng bai dawo ba. Ta kira wayarsa aka ce babu layin. Ta shiga damuwa, ta ce ko huhun ne ya kai shi, har turare ta sa Tao ya ƙara don shi.

Sai watannin raɓa suka zo. Bango ya yi gumi, wanki ya ƙi bushewa, ɗaki kuwa shiru, ba ƙamshi. Ta ce hancinta ne ya tsufa, ai ga shi tana jin na hannunta. Wata safiya ta zo ɗauke kofunan shayin Dehai sai ta ga wani farin gari yana yawo a kan shayin. Ta zubar ta wanke. Washegari ga shi kuma, har a kan tebur, ɗan tsibi kamar an zuba da gangan. Ta murza a yatsa. Garin katako ne, irin wanda ƙwaro ke fitarwa.

Ta tsaya ta daɗe tana kallon sama. Tao ya fita da mota. Ba kowa a gidan sai kaji. Ta ɗauko tsanin ta jingina, ba mai riƙe mata, ta ce, "Dehai, ka yi haƙuri," ta hau.

Ta ɗage jan ƙyallen. Allo na nan tsaye, launinsa daidai, sunaye na ƙyalli. Ta ɗauka da hannu biyu don ta san nauyinsa, sai ya taso mata sakayau kamar faifai. Bayansa duk hudojin ƙwaro. Yamei ba ta yi nisa a karatu ba, amma ta san sunan mijinta ko a mafarki. Ta bi da yatsa har ƙasa ta same shi. Ta duba gefensa. Wanda ya kwafi allon daga hoto ya ga fili ya ɗauka kuskure ne, sai ya baje sunayen suka cika allon daga gefe zuwa gefe, tsaf-tsaf. Ko tsinke ba zai samu wurin tsayawa kusa da Dehai ba.

Ba ta san yadda ta sauko ba. Tao ya dawo cin abincin rana ya tarar da ita zaune a ƙasa, allon a kan cinya, tsani a jingine.

"Inna! Hawa kika yi? Mace fa ba ta..."

"Rufe mini baki. Ina allon ubanka?"

Ya buɗe baki zai yi ƙarya, ya kalli fuskarta, ya fasa. Ya zauna a bakin ƙofa. Ya ce Geng ba malamin makaranta ba ne, dillalin katako ne, duk shekara yana zuwa da sabon suna da sabon tari. Ya ce icen huali ya ƙare a daji, masu kuɗin tsallake sun haukace a kansa, gida-gida ake bi ana nema. Ya ce ranar maganin nan aka yi musanyar.

"Inna, katako ne fa. Sunayen duk ga su nan, ba wanda ya ɓata. Baba da kansa zai so in yi aure, in daina jin ana ce mini ɗan mai babur. Ke ma ai kin shiga motar, kin ji daɗi."

"Na shiga," in ji ta. "Har takalmi na cire." Ta juyo masa da allon. "Nuna mini wurina."

Ya duba. Ya sake dubawa. Sau nawa ya hau ya soka turare a gaban wannan allo, bai taɓa lura ba. Ya ce a hankali ai ana iya sake wani, a bar mata fili ko faɗin tafin hannu ne.

"A katakon akwatin sabulu? Ka je ka karɓo na ubanka. Ka sayar da motar, ka sayar da babur, ka sayar da gidan in ta kama, ka karɓo shi."

Tao ya sunkuyar da kai. "Babu shi, Inna. Ba mai sayen allon matattu ɗungurungum, tsoro suke ji. Kankare sunayen ake yi, a yayyanka, a fere..." Sai maganar ta maƙale masa, don idonsa ya sauka a kan hannunta.

Ita ma ta bi idonsa. Ƙwayoyin nan masu ruwan zuma, da ta yi wata da watanni tana shafawa, tana kai wa hanci, tana yi wa Guihua gori da su. Ta juya su a hankali har ta kai ga mai ɗigon zinari.

Kukan da Yamei ta yi ranar har maƙwabta suka shigo. Ba ta yi irinsa ranar binne Dehai ba. Abin da ya fi ƙona mata rai ba satar ba ce, ɓarayi ai ko'ina akwai su. Ita ta tsamo mutumin daga hannun mai mangwaro. Ita ta koya masa garin lungu-lungu, tana ja masa kunne kada a cuce shi. Ita ta gaya masa sirrin filinta, ta harari dattijo saboda shi, ta riƙe masa tsani tana cewa ya yi a hankali. Da ɗan gari akan ci gari, wannan kowa ya sani, amma ita 'yan gari biyu aka samu a gida ɗaya, ɗaya ya sani, ɗaya bai sani ba. Har yau ba ta gane ba ko kunya ce ta sa ya aiko mata da abin hannun, ko dariya yake yi mata daga tsallake. Kuma ɗigon zinarin nan, ba ta san ko daga sunan Dehai ya fito ba ko na wani kakan da ba ta taɓa gani ba.

Guihua ta zo ta zauna kusa da ita. Wannan mata da bakinta ba ya shiru, ranar ko "na gaya miki" ba ta ce ba. Ta fasa mata kwakwa ta miƙa mata.

Washegari Yamei ta jefa allon ƙaryar a murhu. Ta sake hawa tsanin da rana tsaka, ƙofa a buɗe, duk mai son gani ya gani, ta ajiye ƙwayoyin a bayan jan ƙyallen. Tun daga nan ita ke hawa ta soka turare. Tsofaffin unguwa sun yi gunaguni, ta ce duk wanda abin ya dama ya zo ya nuna mata namijin gidan. An yi auren Tao, ta je ta zauna ta ci ta tashi. Ya koma gidan haya da amaryarsa. In ya tsaya da farar motar a bakin kasuwa ya ce ta zo ya kai ta gida, sai ta tada baburinta ta wuce. Baƙi har yanzu suna hawa bayanta su ce ta nuna musu gari. Takan kai su inda suka ambata, ta tsaya, su sauka.

Bayan shekara, da Ranar Kaka ta zagayo, mutane suka zaci za ta rufe ƙofa. Ina! Ta dafa kaji, ta yanka akuya, ta jera tebura har waje. Baƙi suka yi ta shigowa, waɗanda ta sani da waɗanda ba ta taɓa gani ba, har da wasu dogaye masu harshen tsallake. Ba ta tambayi ko ɗaya sunansa ba. Ta cika musu kwano kamar yadda aka saba.

Rana ta take sai ga farar mota. Tao ya fito da kwandon lemo, amaryarsa na biye da shi da ƙaramin ciki. Ya nufi babban ɗaki kai tsaye, inda kujerar ubansa take. Yamei ta ajiye ludayi, ta goge hannu a zani, ta zo ta tsaya a bakin ƙofar. Ta dube shi sama da ƙasa, ba fushi a fuskarta, ta yi magana yadda duk tsakar gidan zai ji.

"Sannu da zuwa. Ɗan gidan wa?"

Cokula suka tsaya. Wani tsoho ya ce "Kash!" a hankali.

Tao ya yi 'yar dariyar yaƙe. "Inna, ni ne fa."

"Na ce ɗan gidan wa? Wa ya haifi ubanka? Wa ya haifi wanda ya haife shi?"

Ya buɗe baki. Sunan kakansa ya sani, daga nan ya tsaya. Ba da niyya ba idonsa ya tafi sama, ta kan kafaɗarta, wajen barandar da amsar take a rubuce tun kafin a haife shi. Jan ƙyallen na nan rataye, ba komai a tsaye a bayansa.

Yamei ta karɓi kwandon lemon, ta kama hannun amaryar ta shigar da ita ciki ta zaunar. Sannan ta dawo ta nuna wa Tao teburin da ke waje, can bakin hanya, inda masu wucewa ke zama.

"Zauna can ka ci," ta ce. "Yau ba a hana baƙo abinci."